Kura da Shan Bugu: Waɗanda Ba a Gani a Bayan Tallan Waya

Duk ɗan kasuwar da ya fara jin cewa ana ciniki a waya, tambayarsa ta farko ɗaya ce: wa zan ba kuɗi ya sa kayana su yi tashe? Daga mai shagon atamfa a Kantin Kwari har uwargidan da ke haɗa turaren wuta da humra a tsakar gidanta, lissafin bai wuce haka ba. A nemo jarumar fim ko ɗan TikTok mai tarin mabiya, a biya shi, ya ɗaga kayan a gaban kyamara ya ce "ku garzayo", sai a koma gefe ana jiran alat. In ciniki ya zo, a ce jarumar tana da farin jini. In bai zo ba, a ce mabiyanta na bogi ne, a sake neman wata.

Ni ban yarda da wannan lissafin ba. A ganina, kaso mafi tsoka na abin da ke sa gangamin talla ya ci nasara a Facebook ko Instagram ko TikTok, a bayan fage yake faruwa, a hannun mutanen da babu wanda ya san sunansu: mai amsa saƙo, mai ɗaure kaya, mai kai su tasha, da wanda aka ba bakin cewa "a dakata, kada a saki wannan." Su ne kuma waɗanda aka fi rainawa ranar rabon kuɗi.

Akwai misalin da masu koyar da talla a Amurka ba sa gajiya da kawowa. Ranar 3 ga Fabrairun 2013, ana tsakiyar wasan ƙarshe na ƙwallon Amurkawa da suke kira Super Bowl a birnin New Orleans, sai wuta ta ɗauke a filin wasa. Minti 34 aka yi ana jira. Mu da muka tashi a hannun NEPA ba za mu ga abin mamaki ba, amma su abin ya zame musu labari. Mutum sama da miliyan 100 suna gaban talabijin babu abin kallo, sai kowa ya jawo wayarsa. Cikin 'yan mintuna kamfanin biskit na Oreo ya saki hoto ɗaya a Twitter: biskit guda a cikin duhu, da ɗan rubutu mai cewa ko a duhu ma za ka iya tsoma biskitinka a madara. Kafin a tashi wasa dubban mutane sun yaɗa shi. Washegari wasu jaridu suka ce shi ya lashe daren, alhali a wannan daren akwai kamfanonin da suka biya kusan dala miliyan 4 don tallan daƙiƙa 30 a talabijin.

In ana ba da wannan labari, wayo da sa'a aka fi ambata. Ba a cika faɗin cewa a daren akwai mutum wajen 15 da kamfanin talla na 360i ya tara suna bin wasan tare ba: masu rubutu, masu zane, masu sa ido kan abin da jama'a ke cewa, da manyan Oreo ɗin kansu waɗanda ke da ikon cewa a saka. Babu wanda ya tsaya jiran oga ya ɗaga waya, domin ogan yana cikin aikin. Sannan ba ranar suka fara aiki tare ba. A 2012, da biskit ɗin ya cika shekara 100, sun yi kwana 100 a jere suna fitar da sabon hoto kullum bisa abin da ke tashe a ranar. Hannunsu ya riga ya faɗa, kowa ya san inda nasa aikin ya fara da inda ya ƙare. Ɗaukewar wuta ce kaɗai sa'a a cikin labarin, sauran duk shiri ne.

Yanzu dawo gida ka dubi yadda muke yi. Alhaji ya damƙa shafin shago a hannun "yaron nan da ya iya waya". Yaron ya yi ƙoƙari, ya ɗauki hoto mai kyau, ya saka. Wata mata daga Maraɗi ta yi magana tana son turmi goma, amma tana neman a yi mata ragi kaɗan. Yaro ba shi da ikon rage ko sisi, sai ya kira Alhaji. Alhaji yana wajen ɗaurin aure, ko ya yi tafiya saro kaya, wayarsa ba ta shiga. Kafin la'asar matar ta saya a wani shagon, domin a waya tsakanin shago da shago taku ɗaya ma babu. Gobe Alhaji zai ce tallan waya ba ya aiki. Talla kuwa ya yi aikinsa, ya kawo mai saye har bakin ƙofa, ba a dai bar wa mai tsaron ƙofar mabuɗi ba.

Amsa saƙo shi ne aikin da aka fi rainawa a wannan harka, kuma a wurina shi ne zuciyarta. Masu sayenmu da yawa sun fi sakewa da saƙon murya fiye da rubutu. Wata za ta turo murya ta minti uku, ta fara da gaisuwa, ta tambayi gida da yara, sai can ƙarshe ta ambaci kalar leshin da take so. Dole a samu mai haƙurin saurare har ƙarshe, ya amsa gaisuwar yadda ta dace, ya san wadda zai kira Hajiya da wadda zai kira Anti, ya san cewa "zan yi shawara da maigida" wani lokaci ragi ake nema a fakaice. Wannan gwaninta ce kamar kowace gwaninta, kuma ba kowane mai iya ɗaukar bidiyo ne yake da ita ba. Shi ya sa nake mamakin masu saka kaya su ƙi rubuta farashi, su ce a biyo su ta ciki. Ka tara wa kanka saƙo ɗari biyu masu cewa "nawa ne", kai kaɗai kake riƙe da wayar, ka amsa talatin ka gaji. Sauran ɗari da saba'in sun tafi da tunanin kai mai wulaƙanci ne. Wasu suna cewa suna ɓoye farashi ne don kada abokan hamayya su gani. Abokin hamayyarka ya riga ya turo ƙanwarsa ta tambaya.

Abin da ya kamata ya ba mu kunya shi ne mun riga kowa sanin wannan. Tun kafin a yi wayar salula, matan aure a Kano da Katsina da Zinder suna gudanar da kasuwanci daga cikin ɗaki ba tare da sun taka kasuwa ba. Mai ƙuli-ƙuli tana da yarinyar da ke ɗaukar talla, tana da wanda ke sayo mata gyaɗa ranar kasuwa. Mai kayan ɗaki tana da dillaliya da ke shiga gida-gida da ƙunshi a ka, ta san wadda za ta aurar da 'ya bana, ta san wadda ake ba bashi da wadda ba a ba, tana kuma da la'adarta sananniya da babu mai tauye mata. Dillaliyar da ta kawo kwano mai tsaga sau ɗaya ta ce sabo ne, ta rufe wa kanta ƙofar unguwa guda. Tsari ne cikakke na mutum huɗu ko biyar, kowa da aikinsa da haƙƙinsa. Waya ta faɗaɗa unguwar har ta kai Kumasi da Yawunde, amma ba ta soke ko ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka ba. Mu ne muka ɗauka ta soke.

Ga wanda yake ganin in dai talla ya yi ƙarfi komai zai biyo baya, akwai labarin da ya kamata ya ji. A Disambar 2016 ɗaruruwan fitattun masu tallan kayan ƙawa da taurarin Instagram suka saka hoto iri ɗaya a rana ɗaya, wani fili mai ruwan lemo babu komai a kai. Duk wanda ya danna sai ya tarar da tallan wani bikin kiɗa mai suna Fyre da za a yi a wani tsibiri a Bahamas, da alƙawarin masauki na alfarma da abincin manyan masu girki. Tikiti ya ƙare cikin ɗan lokaci, wasu sun biya dubban daloli. In da yaɗuwa ake auna talla, wannan yana cikin mafi nasara da aka taɓa yi. Da jama'a suka sauka a Afrilun 2017, sai suka tarar da tantuna irin na agajin gaggawa, katifu jiƙe da ruwan sama, abinci kuwa burodi da cuku a cikin robar ɗaukar abinci. Hoton wannan burodin guda ɗaya, wanda wani da ya je ya saka a Twitter, ya rushe abin da aka kashe maƙudan kuɗi ana ginawa. Sanƙira ya gama zagaye gari yana gayyatar biki, alhali ko murhu ba a haɗa ba. Mai shirya bikin, Billy McFarland, an yanke masa ɗaurin shekara 6 a 2018 bisa laifin zamba. Leburorin tsibirin da suka yi aiki dare da rana kuwa, da yawansu ba su ga kuɗinsu ba.

Wani zai ce ai wannan ɗan damfara ne, ina ruwanmu. Amma a cikin masu yi masa aiki akwai waɗanda suka gaya masa tun da wuri cewa lokaci ba zai isa ba, wurin ba zai ɗauki jama'ar ba, aka share su ko aka sallame su. Ƙaramin irin wannan kuwa muna ganinsa duk shekara. Azumi ya kai goma, shagon ɗinki ya biya a yi masa talla, oda ta yi ta shigowa, mai shago yana murna yana karɓar kuɗi. Bai tambayi telolinsa kala nawa za su iya gamawa kafin daren salla ba, bai lissafa ranakun da wuta ba za ta zo ba, bai tuna mai aikin wuya shi kaɗai ne kuma shaguna uku yake yi wa ba. Ranar idi sai hotuna su fara yawo, ga abin da na yi oda ga abin da aka kawo min, ko kuma ba a kawo komai ba. Tallan da ya fi ƙarfin masu aiki ya fi rashin talla illa, domin wanda bai san ka ba zai iya saninka gobe, wanda ka hana sa sabon kaya ranar salla kuwa har jikokinsa sai sun ji labari. Da an zauna da telan tun farko, shi zai faɗi ranar da ya kamata a rufe karɓar aiki, kuma wannan ranar ce ya kamata ta fito a cikin tallan.

Ko manyan kamfanoni, in ka tona, a nan aikin yake. Lokacin da Coca-Cola ta fara buga sunayen mutane a jikin kwalba a Ostireliya a 2011, da sunaye 150 ta fara, daga baya abin ya zagaya ƙasashe har ya iso Najeriya da sunayen gida. Jama'a ne suka yi tallan da kansu, kowa ya ga sunansa sai ya ɗauki hoto ya saka. Dabarar mai sauƙi ce, yaro ma zai iya kawo ta. Wahalar tana wajen masu tattara sunayen da suka dace da kowane yanki, masu buga takardar jikin kwalba iri-iri a maimakon iri ɗaya, da masu rarraba kaya da za su ga cewa sunayen sun gauraya a cikin kiret. Da mutane sun ga talla sun je kanti ba su samu ba, da zance ya mutu a mako guda.

Akwai misalin da kamar ya saɓa wa abin da nake faɗa, kuma bai kamata in kauce masa ba. A damunar 2014 aka yi yayin sheƙa wa kai bokitin ruwan ƙanƙara don tara kuɗin yaƙi da cutar ALS, wadda ke kashe jijiyoyin motsi sannu a hankali. Babu kamfanin talla da ya tsara shi, babu wanda aka biya. Ƙungiyar masu yaƙi da cutar a Amurka ta samu dala miliyan 115 cikin 'yan makonni. Cikin wata guda kaɗai ta haura miliyan 100, alhali a daidai wannan lokacin a shekarar da ta gabata ko miliyan 3 ba ta kai ba. Wani ɓangare na kuɗin ya taimaka wa binciken da ya gano ƙwayar halittar NEK1 mai alaƙa da cutar a 2016. To ina tawaga a nan?

Tana nan. Pete Frates da Pat Quinn, matasa biyu masu fama da cutar waɗanda suka cilla abin duniya, sun daɗe kowannensu yana da rundunar dangi da abokan karatu da abokan wasa da ke yi masa fafutuka. Waɗannan rundunoni ne suka yaɗa shi, su suka kira sunayen na gaba. Ƙa'idar kuma ita ce sirrin: ka yi, ka ambaci sunan mutum uku, ka ba su kwana ɗaya. Mutum zai iya share tallan kamfani, amma da wuya ya share abokinsa da ya kira sunansa a bainar jama'a. Kowane mai shiga ya zama ma'aikaci, aikinsa a fayyace, wa'adinsa a fayyace. An so a maimaita a shekarun da suka biyo baya, bai ko kama ƙafar na farko ba. Wannan ma darasi ne ga masu zuwa su ce a yi musu "irin na wane". Abin da ya yi tashe jiya, jiya ya tafi da shi.

Na ambaci mai cewa a dakata, kuma a nan nake ganin mun fi rauni. A Afrilun 2017 Pepsi ta saki talla inda fitacciyar mai tallan kayan ƙawa Kendall Jenner ta shiga cikin masu zanga-zanga ta miƙa wa ɗan sanda gwangwanin lemo, sai kowa ya hau murna. An yi wannan ne a lokacin da baƙar fatar Amurka ke kan titi saboda kisan da 'yan sanda ke yi musu. Cikin kwana guda aka janye tallan tare da ba da haƙuri. Sashen cikin gida na kamfanin ne ya shirya shi, kuma ba sai an faɗa ba, ya bi ta hannun mutane da yawa kafin ya fito. Ko dai babu wanda ya ga matsalar, ko wanda ya gani bai ga fuskar magana ba. Duk biyun ciwon tawaga ne.

A wurinmu na biyun ya fi yawa. An rene mu a kan cewa yaro ba ya musu da ubangidansa, kuma tarbiyya ce mai kyau a inda ta dace. Amma in Hajiya ta ce a rubuta cewa maganinta yana warkar da ciwon suga da hawan jini da rashin haihuwa duk a kwalba ɗaya, yarinyar da ke riƙe mata shafi ta san wannan zai iya jawo hukumar NAFDAC, ta san kuma wani zai iya ajiye maganin asibiti ya kama wannan, sai ta ce "to Hajiya" ta saka. In aka kawo bidiyon da shigar mai tallan ko kalamanta za su tayar da ƙura a Kano, akwai wanda ya gani tun a wajen ɗauka, ya yi shiru don kada a ce ya cika iyayi. Laifin bai tsaya kan mai shirun ba. Mai gida ne ya kamata ya buɗe ƙofar da bakinsa, ya ce kafin a saki komai, wane da wance ku duba, in kun ga abin gyara ku faɗa, ba zan riƙe ku ba. Sannan ya cika alƙawari ranar da aka faɗa masa abin da ba ya so. In ya ɗaure fuska sau ɗaya, ba zai ƙara jin gaskiya ba.

Masu fuskar da ake gani a tallan ma suna da nasu nauyin, kuma ba na son a fahimce ni kamar ina wanke su. Lokacin da manhajar ninka kuɗi ta MMM ta rufe asusun mutane a Disambar 2016, hukumar inshorar ajiyar banki ta NDIC ta ƙiyasta cewa 'yan Najeriya wajen miliyan 3 sun yi asarar naira biliyan 18. Ba mu ɗauki darasi ba, a Afrilun 2025 wata irinta mai suna CBEX ta sake kwashe na wasu. Irin waɗannan ba sa yaɗuwa sai ta bakin wanda aka yarda da shi. A Amurka, tauraruwar talabijin Kim Kardashian ta biya hukuma dala miliyan 1.26 a 2022 saboda ta tallata wani kuɗin intanet ba ta bayyana cewa an biya ta dala 250,000 ba. A nan ma akwai hukumar ARCON da dokar 2022 ta ba ikon sa ido kan talla har na intanet, sai dai abin da ke yawo a sitatus ɗin WhatsApp ya fi ƙarfin idon kowace hukuma. Saura tsoron Allah da tsoron zubewar mutunci. Jarumin da ke tallata duk abin da aka biya shi, yau fili gobe maganin ƙarfi jibi manhajar ninka kuɗi, da kansa yake karya farashin bakinsa.

Ba na cewa kada a ɗauki shahararre. Sabon kaya da babu wanda ya sani yana buƙatar mai jawo ido, kuma fuskar da mutane ke so tana gajarta tafiyar shekara ta koma ta wata. Amma a dubi su wa ke bin sa. Mai barkwanci da mabiyansa samari ne 'yan makaranta ba zai sayar maka da kujerun ɗakin amarya ba, komai yawansu. Malamar girki mai mabiya dubu biyar da ke amsa tambayoyinsu kullum za ta iya sayar da tukwane fiye da mai miliyan. Sannan a tambayi kai: in mutum dubu suka yi magana gobe da safe, wa zai amsa, da wayoyi nawa, kayan suna ƙasa ko suna hanya, wane direba ne a tashar Unguwa Uku ko Ƙofar Ruwa za a ba saƙo a kwana da kwanciyar hankali? In babu amsa, a rage kuɗin jarumar a ɗauki mutum biyu.

A nan ne maganar kuɗi ta shigo, wadda ba a son yi. Za ka ga an ba mai fuska dubban ɗaruruwa a kan bidiyon minti ɗaya, amma yarinyar da ta kwana tana amsa saƙo har asuba an saya mata data an ce Allah ya yi albarka. Mai babur ɗin da ya sha rana yana neman gida a lungun da babu lamba, in kaya suka makara shi ake zagi, in suka isa lafiya shagon ake yabo. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mafi yawan lokaci ma 'yan uwa ne, ƙanwa ko ɗan yaya, don haka ana ganin kunya ce a yi maganar albashi. To kunyar nan ita ke kashe kasuwancin. Wanda ba a biya ba ba a iya tuhumarsa in ya yi sakaci, shi ma ya sani. Iyayenmu sun yanka wa dillaliya la'ada a kan kowane kwano da ta sayar, ban ga dalilin da zai hana a yanka wa mai amsa saƙo wani abu a kan kowane cinikin da ya rufe ba. Ranar da aka yi haka za a ga yadda saƙo ke samun amsa kafin ya huce.

Sai dai aiki tare ba ya nufin taron yuyuyu. Na ga shagunan da suka buɗe zauren WhatsApp na mutum goma sha biyu, kowa shugaba, kowa yana da ra'ayi kan kalar rubutu, amma in mai saye ya yi ƙorafi kowa sai ya ɗauka wani ya amsa. Gara mutum uku da kowa ya san nasa. Kowane aiki ya zama yana da suna ɗaya a kansa, wanda in abu ya lalace shi za a tambaya, in ya yi kyau shi za a yaba wa a gaban sauran. Ita ma wadda ke cewa ni kaɗai nake kasuwancina, in ta zauna ta ƙirga za ta ga ba haka ba ne: akwai mai saro mata kaya, mai adaidaita sahun da take kira, mai POS na bakin layi, maƙwabciyar da ke riƙe mata yara in ta fita. Tawaga ce, ba ta dai taɓa gaya musu ranar da za ta saki talla ba, shi ya sa kullum abin ke zo musu ba shiri.

Game da awo kuwa, yawan masu danna alamar so ba ya shiga aljihu. Abin dubawa shi ne mutum nawa suka saya, nawa suka dawo karo na biyu, nawa suka turo wani. Wannan ba ya fitowa a allo sai an rubuta, don haka wani a cikin tawagar ya riƙe littafi na takarda: suna, lamba, gari, abin da aka saya. Wanda yake ganin wannan tsohon yayi ne ya tuna 2021. A Yunin shekarar gwamnati ta rufe Twitter, ba a buɗe ba sai Janairun 2022. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a Zamfara, daga baya da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. Ranar 4 ga Oktoba kuma Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke gaba ɗaya na kusan awa 6. Mabiyan da ke shafinka aro ne, masu manhajar ke da su.

Wannan ya kawo ni ga rigimar da na fi ganin tana raba mutane a wannan harka, wato shafin na wane ne. Yaro ya buɗe wa shago shafi da lambar wayarsa da adireshin imel ɗinsa, ya raine shi shekara da shekaru har ya tara jama'a. Ranar da suka saɓa da Alhaji sai ya tafi da shi, ya canza suna ya fara sayar da nasa kayan. Alhaji ya ce an ci amanarsa, domin da kayansa da sunan shagonsa aka tara mutanen. Yaro ya ce da basirarsa da rashin barcinsa aka tara su, kuma ba a taɓa biyan sa ba. In aka kai gaban shugabannin kasuwa, su ma sai su rasa ta cewa, don kowanne yana da gaskiya a bakinsa. Da tun ranar farko an buɗe shafin da layin shago, an yanka wa yaron haƙƙinsa, an rubuta a takarda da shaidu biyu kamar yadda ake yi wa bashi, da ranar rabuwa Alhaji zai riƙe shafinsa, yaron kuma ya fita da jarin buɗe nasa.